Bin sawun tawagar Macartney daga Beijing zuwa Chengde: sharhi kan wani rangadin tarihi

Galibin 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirga zuwa ƙasar Sin a Guangzhou da Yiwu suke yada zango, su sari kaya su juyo gida, kaɗan ne ke haurawa arewa har Beijing. Ga wanda ya samu sarari ya haura, akwai ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido da ke tsara wa baƙo rangadi na musamman, da mota da direba da ɗan jagora mai jin Turanci. Wannan sharhi ya shafi rangadin kwana biyu da ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ke shiryawa, wanda ke bin hanyar da tawagar farko ta Birtaniya ta bi a shekarar 1793 ƙarƙashin jakada George Macartney domin ganawa da Sarki Qianlong na Sin. Ana farawa daga kufan fadar Yuanmingyuan a arewa maso yammacin Beijing, a bi ta Babbar Ganuwa a Gubeikou, a kwana a Chengde, inda aka yi ganawar, sannan a dawo a jirgin ƙasa mai sauri. Ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa, kuma dalilin bai wuce ɗan jagorar ba, ko da yake akwai gyare-gyaren da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun kafin ya biya.

Tun a cikin mota ɗan jagorar ya shimfiɗa musabbabin tafiyar, kuma ya yi daidai da ya fara da shayi. Daga shekarar 1757 gwamnatin daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ta taƙaita cinikin Turawa ta teku a tashar Guangzhou kaɗai, inda dole su yi hulɗa da wasu 'yan tsirarun attajirai masu lasisi, ba su da damar zuwa wurin hukuma kai tsaye. Wani Bature mai suna James Flint da ya keta wannan doka ya tafi Tianjin da takardar koke a 1759 ya sha ɗaurin shekara uku a Macau. A ɗaya gefen kuma, bayan majalisar Birtaniya ta zaftare harajin shayi a 1784 daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12.5, sai sayen ganyen shayi daga Sin ya yi tashin gwauron zabo, alhali Sinawa ba su da wata buƙata mai yawa ga kayan Ingila, don haka da azurfa ake biyansu. Wannan ne ya sa Sarki George na Uku na Birtaniya ya aike da George Macartney, kamfanin East India Company kuma ya ɗauki nauyin kuɗin tafiyar. An taɓa tura wani jakadan, Charles Cathcart, amma ya rasu a hanya a 1788. Tawagar Macartney ta bar Portsmouth a watan Satumban 1792, da jirgin yaƙi mai suna Lion da jirgin kamfanin mai suna Hindostan, ba ta isa Beijing ba sai a watan Agustan shekarar da ta biyo baya.

Zangon farko, wato Yuanmingyuan, shi ne mafi rauni a cikin shirin gaba ɗaya. A nan ne aka jera manyan kyaututtukan da tawagar ta kawo: na'urar da ke nuna yadda duniyoyi ke kewaya rana, da madubin hangen taurari, da agoguna, da kayan tangaran na Wedgwood, da samfurin wani jirgin yaƙi mai igwa 110, da kekunan doki. Zauren da aka baje su ba ya nan yanzu, domin sojojin Birtaniya sun cinna wa fadar wuta a 1860 bisa umarnin Lord Elgin, bayan su da na Faransa sun wawashe ta. Abin da yawancin baƙi ke zuwa gani shi ne ɓaraguzan gine-ginen dutse irin na Turai da limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka zana wa Qianlong, kuma can aka nufa da mu kai tsaye, aka ba mu lokacin ɗaukar hoto, aka ce mu koma mota. Wurin yana da faɗi ƙwarai, kuma mai son ya fahimci girman abin da tawagar ta gani yana buƙatar ya yi tafiya a cikinsa a natse. Duk da gaggawar, ɗan jagorar ya faɗi abin da ya fi muhimmanci, cewa fadar Qing ta riga ta cika da agogunan Turai tun kafin zuwan Macartney, saboda haka kayan da aka ɗauka za su girgiza sarki ba baƙi ba ne a wurinsa. Ya kuma ambaci cewa sojojin da suka shiga fadar a 1860 sun tarar da wasu daga cikin kyaututtukan a ajiye.

Daga nan aka kama hanyar arewa maso gabas. Tsakanin Beijing da Chengde akwai nisan kilomita kusan 230, tafiyar da ta ɗauki tawagar daga 2 zuwa 8 ga Satumba, a yau kuwa 'yan sa'o'i ne a kan babbar hanya mai kyau. Motar na da tsabta, direban kuma mai haƙuri ne, bai ƙi tsayawa ba da lokacin salla ya yi. An tsaya a Gubeikou, mashigar da tawagar ta ratsa ganuwa, inda jami'an sojan da ke cikinta suka auna tsawo da kaurin ginin suka zana shi, abin da ɗan jagorar ya ce ya isa ya sa masu masaukinsu su yi tunanin abin da ya kawo su. Ganuwar a nan ba a yi mata kwaskwarima sosai ba, hawan yana da wuya ga mai ciwon gwiwa, kuma babu wanda ya gargaɗe mu game da hakan lokacin yin rajista.

A Chengde ne rangadin ya nuna darajarsa. Sarki Kangxi ne ya fara gina wannan fada ta shan iska a 1703, jikansa Qianlong ya kammala ta a 1792, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 5.6, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Ɗan jagorar bai fara kai mu filin ganawar ba. Sai da ya hau da mu haikalin Putuo Zongcheng, wanda aka gina a kan fasalin fadar Potala ta Lhasa a Tibet aka kammala a 1771, ya nuna mana rubutun da aka sassaƙa a jikin duwatsu da harsunan Manchu da Sinanci da Mongoliya da Tibet. Manufarsa ita ce mu gane cewa sarakunan Qing 'yan ƙabilar Manchu ne, kuma Chengde, da ke bayan ganuwa, wuri ne da suka keɓe domin karɓar sarakunan Mongoliya da manyan limaman Tibet da sauran masu kawo caffa. Bayan wannan bayani ne muka sauka zuwa Lambun Bishiyoyi Dubu Goma, inda a ranar 14 ga Satumban 1793 Qianlong, yana dab da cika shekara 82 a duniya, ya karɓi Macartney a cikin wani katafaren tanti irin na makiyayan Mongoliya. Wanda ya tsaya a wannan fili bayan ya ga haikalin ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya fahimci matsayin da aka ajiye baƙin. An ɗauke su a matsayin ƙarin wata tawaga daga nesa da ta zo taya sarki murnar zagayowar ranar haihuwarsa, wadda ta kama ranar 17 ga watan, kuma tun a jiragen kogin da suka ɗauko su an rataya tutocin da ke cewa jakadan Ingila ne ya kawo kayan mubaya'a. Su kuwa sun zo ne da niyyar ƙulla yarjejeniya tsakanin sarakuna biyu masu daraja ɗaya.

Batun gaisuwar fada shi ne aka fi sani a labarin, kuma na ji daɗin yadda aka yi masa adalci. Al'adar fadar ita ce mutum ya durƙusa sau uku, ya kai goshinsa ƙasa sau tara. Macartney ya ce zai yi hakan ne kawai idan wani jami'in Sin mai muƙami daidai da nasa zai yi irinsa a gaban hoton Sarki George, aka ƙi, daga bisani aka daidaita a kan ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa kamar yadda yake yi wa sarkinsa. Duk wanda ya san fadar sarki a ƙasar Hausa ya san cewa wurin zama da yadda ake faɗuwa gaisuwa su ke bayyana matsayin mutum, don haka babu mamaki da aka shafe kwanaki ana ja-in-ja a kai. Ɗan jagorar ya bayyana mana cewa bayanan Turawa da na fadar Qing sun saɓa game da abin da ainihin aka yi a ranar, bai kuma tilasta mana ɗaukar ɗaya ba. Ya ƙara da hujjar da na ga ta fi kowace ƙarfi, cewa tawagar Holan da ta zo a 1795 ƙarƙashin Isaac Titsingh ta yi cikakkiyar gaisuwar ba tare da gardama ba, amma ita ma ta koma ba tare da wani sassauci na kasuwanci ba.

Abin da aka ƙi, in ji shi, buƙatun ne kansu. Macartney ya nemi a bar jakadan Birtaniya ya zauna a Beijing dindindin, a buɗe Zhoushan da Ningbo da Tianjin ga 'yan kasuwar Ingila, a ba su ɗakin ajiya a babban birnin, a ba su wani ƙaramin tsibiri kusa da Zhoushan, a kuma rage kuɗin fito tare da fayyace shi a rubuce. Waziri Heshen ya yi ta kauce wa tattaunawar, kuma a fadar akwai masu zargin cewa Turawan da ke Indiya sun taimaka wa mayaƙan Gurkha na Nepal a yaƙin da aka yi kan Tibet a 1791 da 1792. Wasiƙar da Qianlong ya aike wa Sarki George, wadda a ciki ya ce daularsa ba ta da buƙatar kayan ƙasashen waje, an daɗe ana kafa hujja da ita cewa sarkin bai san duniya ba. Ɗan jagorar ya nuna cewa a daidai wannan lokaci sarkin ya umarci gwamnonin bakin teku su ƙarfafa tsaro su sa ido kan Turawan Ingila. Wannan karatu ya gamsar da ni, domin sarkin da aka roƙa tsibiri, kuma ya san abin da masu roƙon suka yi a Indiya, yana da dalilin ƙi wanda ba jahilci ba ne. An sallami tawagar daga Beijing ranar 7 ga Oktoba, ta bi ta Babban Magudanar Ruwa (Grand Canal) zuwa Hangzhou, daga nan ta ci gaba kudu har Guangzhou.

Ɗan jagorar ya kuma ba tafintoci haƙƙinsu, abin da ba kasafai ake yi ba. Li Zibiao, limamin Katolika Basine da aka ɗauko daga wata kwaleji a Naples ta Italiya, shi ne ya riƙe maganar ɓangarorin biyu ta hanyar Latin da Italiyanci, kuma yana yin hakan ne cikin hatsari ga ransa, tun da doka ba ta yarda ɗan ƙasa ya yi wa baƙi irin wannan hidima ba. Akwai kuma yaro ɗan shekara 12, George Thomas Staunton, ɗan mataimakin jakadan, wanda ya koyi Sinanci a cikin jirgi, ya yi magana da sarki, sarkin ya kwance 'yar jakar alharini daga ɗamararsa ya ba shi. Wannan yaron ne, bayan ya girma ya zama ɗan majalisa, ya goyi bayan yaƙar Sin a muhawarar majalisar Birtaniya ta 1840.

Babban giɓin da na gani a bayanin shi ne tawaga ta biyu. Ba a ambaci jagoranta, Lord Amherst, ba sai da na tambaya, alhali a Yuanmingyuan ɗin da muka tsaya ne abin ya faru: ya iso da asubahin 29 ga Agustan 1816 bayan tafiyar dare, aka ce ya shiga wurin Sarki Jiaqing nan take, ya nemi uzuri saboda gajiya da rashin isowar kayan sawarsa da takardunsa, aka kore shi a ranar ba tare da ya ga sarki ba. Idan aka tsallake wannan, baƙo ba zai ga yadda aka tashi daga karamcin 1793 zuwa yaƙin da ya ɓarke a 1839 kan cinikin ofiyom ba, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing ta 1842, inda aka buɗe tashoshi biyar aka kuma miƙa tsibirin Hong Kong. Akwai lokacin yin wannan bayani, amma an ɓatar da shi a wani shagon sayar da shayi da kayan tsaraba da aka tsayar da mu ba tare da yana cikin tsarin da aka turo ba.

Abinci ma sai an yi hattara. Kamfanin bai tanadi na halal ba, ko da yake akwai gidajen abincin Musulmin ƙabilar Hui a Chengde, kuma ɗan jagorar ya kai mu ɗaya da muka nema. Masaukin matsakaici ne mai tsabta, kusa da ƙofar fadar. Dawowa a jirgin ƙasa mai sauri ba ta wuce kimanin sa'a ɗaya ba, sai dai a riƙe fasfo a hannu, domin da shi ake shiga jirgin. Bayanin duka da Turanci ne, don haka wanda bai ji sosai ba ya tafi da abokin da zai fassara masa. Mai niyyar yin rajista ya nemi a rubuta masa tun farko cewa babu tsayawa a shago, a ƙara lokacin Yuanmingyuan, a tanadi abincin halal, sannan ya tambaya ko ɗan jagorar da za a haɗa shi da shi ya karanci tarihin daular Qing, domin ba dukan masu wannan aiki ne suka san labarin 1793 ba.