MALDI ko ESI, wanne ya dace da polima mai kashe ƙwayoyin cuta?

'Yar'uwarmu da ke digiri na biyu a Akoka, Legas, ta tambaya: tana aiki kan PHMB, wata polima (sinadari mai siffar doguwar sarƙa) da ake sawa a bandejin miki da ruwan wanke ciwo, to wace hanya za ta bi a na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari don ta gane tsarinta?

Malama, MALDI da ESI hanyoyi biyu ne na sa wa ƙwayoyin samfuri cajin lantarki don na'urar ta iya auna su. Ni dai MALDI zan ce ki fara da shi. Za ki gauraya samfurin da DHB ko CHCA, sinadaran da ke shan hasken lesa, ki ɗiga a faranti ya bushe, sai hasken lesa ya ɗaga shi. Yawancin sarƙoƙin caji ɗaya suke ɗauka, shi ya sa sakamakon yake fitowa jere kamar matakala. Ki auna tazarar da ke tsakanin tsini da tsini a zanen sakamakon: in Dalton (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) 183 ne, PHMB ce. In kuwa 141 kika gani, PHMG ce a hannunki, wata polima mai kama da ita, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don PHMG ce aka kama da laifin lalata huhun mutane a Koriya ta Kudu a 2011, bayan an zuba ta a na'urar ƙara danshin ɗaki. Inda MALDI ke gazawa shi ne ƙasa da Dalton 500, nan sinadarin gaurayen kan rufe komai. Kuma in sarƙoƙin sun bambanta sosai a tsawo, gajerun ne ke mamaye sakamakon, dogayen su ɓace.

ESI kuwa ruwa yake fesawa. Polima irin taki caji ya yi mata yawa, sarƙa ɗaya sai ta fito a wuri uku ko huɗu, karatun ya dagule. Ga shi ESI ba ya jure gishiri. Amma in aka haɗa shi da LC, na'urar rarrabe sinadarai a cikin ruwa, aka fara rarrabe sarƙoƙin, ya fi MALDI nuna abin da ke bakin kowace sarƙa, amin ne, guwanidin ne ko siyanoguwanidin.

Matsakaicin nauyi dai kada ki ɗauke shi daga MALDI ko ESI, ki nemi GPC, hanyar da ke rarrabe sarƙoƙi bisa girmansu. Sannan garin PHMB na jan ruwa, ga danshin Legas, don haka ki rufe kwalbar gam kafin ki aika da ita gwaji.