Ma'aunin tagulla da ƙaramin layin dogo: saƙo daga Ingila

'Yan uwa, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Da yawa daga cikinku kun sha tambayata abin da nake yi da yammacina da ranakun hutuna a ƙasar da ba a zaman majalisa a ƙofar gida. To, layin dogo nake ginawa, amma ƙarami, wanda tasharsa gaba ɗaya take zaune a kan katako a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan da nake haya. Wannan abin sha'awa ne mai dogon tarihi a Ingila, kuma manyan mutane ne ke yin sa, akasarinsu masu furfura. Ta dalilinsa ne wani abu ya faru da ni a wajen ciniki, wanda har yau ban daina juya shi a raina ba.

Mafi yawan masu wannan sha'awa kanti suke shiga su sayi kan jirgi da taragai na kamfanin Hornby ko Bachmann, su sayi layin kamfanin Peco wanda aka riga aka haɗa, su je gida su shimfiɗa. Girman da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira OO, inda kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske take komawa milimita 4, wato an rage komai sau 76 da 'yan kai. Sai dai wannan girma yana da aibi tun daga tushe. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin gaske a Birtaniya ƙafa 4 ce da inci 8 da rabi, milimita 1435 ke nan, kuma idan aka rage ta daidai ya kamata ta zama milimita 18.83, amma layin kanti milimita 16.5 ne. Dalili kuwa shi ne tun kafin yaƙin duniya na biyu injinan lantarkin da ake samu ba sa shiga cikin ƙaramin jikin kan jirgin Birtaniya, sai masu ƙira suka ƙara girman jikin suka bar layin a tsukensa. Wasu mutane ba su yarda da wannan sassauci ba. Tun a 1955 aka kafa ƙungiyar masu bin awon EM, waɗanda layinsu yake milimita 18.2 a yau, daga baya kuma aka samu masu bin awon P4, waɗanda suka ce ba za su karɓi komai ba sai 18.83 cif. Duk wanda ya bi wannan hanya ya ɗauko wa kansa aiki, domin mafi yawan layinsa, musamman wuraren da layi yake rabuwa biyu, da hannunsa zai gina.

A irin wannan kulob na samu kaina, kuma wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin injiniya ne ya karɓe ni a matsayin ɗan koyo. Da farko ana buga zanen layin a takarda daga kwamfuta, a manna shi a kan allo, sannan a jera 'yan katakan da ƙarfe zai hau kansu ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsawonsa milimita 34. A tsohon layin Ingila ƙarfen ba ya zama kai tsaye a kan katako, akwai mariƙin da yake tallafe shi, don haka sai an zura waɗannan 'yan mariƙai na roba a jikin ƙarfen da hantsaki, a lura da gefen da kowanne yake kallo, sannan a ɗiga musu ruwan gam mai narka roba su kama katakon. Idan an kafe ƙarfe ɗaya, sai a ɗora ma'auni a kansa, ma'aunin ya riƙe na biyun a daidai tazarar da ake so. Wurin rabuwar layi ya fi kowane wahala: ana goge bakin ƙarafa biyu da magagari har su haɗu su yi tsini, a like su da dalma, a bar wata 'yar kafa wadda leɓen taya zai bi, kuma a awon P4 faɗin wannan kafa bai kai milimita ɗaya ba. Dattijon yakan ɗora tarago a kai ya tura shi da yatsa ɗaya, ya sunkuyar da kunnensa yana saurare. Idan ya ji ɗan ƙwas a wurin tsinin, sai ya ce a warware a sake, ko da kuwa taragon bai sauka ba.

Duk wannan aiki a kan ma'aunin nan ya rataya. Ɗan guntun tagulla ne mai tsagi, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Na yi odar nawa ta intanet daga wani ƙaramin ɗan kasuwa, ya zo ta gidan waya, na fara aiki da shi, sai taragai suka riƙa cijewa a layin da na shimfiɗa. Dattijon ya karɓi ma'aunin ya auna shi da na'urarsa mai nuna lamba, ya ce ya tsuke, kuma abin da ya ragu bai kai kaurin takarda ba. Ya ce in kira mai kayan in gaya masa. Ni kuwa na shirya kamar yadda kuka san muna shiryawa: na nemo rasit, na ɗauki hoton na'urar da lambar da ta nuna, na tsara maganganun da zan mayar idan ya ce ni na lalata. Ko ɗaya ban yi amfani da shi ba. Mutumin ya saurare ni, ya ba ni haƙuri, ya tambayi lokacin da na saya domin ya gane rukunin da nawa ya fito daga ciki, ya ce kada in wahalar da kaina da mayar da tsohon, sabo yana hanya. Bai nemi hoto ba, bai nemi rasit ba. Sabon ya iso cikin makon tare da 'yar takarda da ya rubuta da hannunsa, yana cewa ya auna wannan da kansa kafin ya saka shi a ambulan, kuma ya gode da na sanar da shi. Bayan wani lokaci wani ɗan kulob ɗinmu da ya sayi irinsa a wannan tsakani ya samu saƙo daga mutumin, yana roƙonsa ya auna nasa, idan ya ga ya tsuke a aiko masa da wani.

Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai. Wanda bai kawo ƙara ba, wanda wataƙila ma bai san kayansa suna da aibi ba, shi aka bi har gida. Kayan 'yan fam kaɗan ne, mutumin ba kamfani ba ne, ba ya ganin fuskata, kuma da sunana da muryata ya san baƙo ne ni. Na tuna rasit ɗinmu da ake buga wa gargaɗi a ƙasa cewa kayan da suka bar shago ba a dawo da su. Na tuna amsoshin da kowannenmu ya haddace: ai ba ni na ƙera ba, haka kamfani ya yi shi, lafiya lau ya bar hannuna. Wanda ya sayi kayan gyaran mota ko famfon ruwa ya gane jabu ne, sai ya yi ta sintiri, a ƙarshe 'yan kasuwa maƙwabta su taru su ba shi haƙuri, shi da aka cuta, ya tafi da asararsa. Mu ne kuwa muke karanta surar da ta yi kashedi ga masu tauye mudu tun muna makarantar allo. Kuma tauyewar ba a kasuwar hatsi kaɗai take ba: kafintan da ya yanka ƙyaure ya gaza ya ce zai zauna, da maginin da ya ajiye igiyar awo ya ce idonsa ya isa, da mai gidan da ya ga karkatar ya yi shiru don kada a ce ya cika ƙorafi, duk suna da hannu a ciki. Mun mayar da wanda ya nace a kan daidai mutum mai wuyar sha'ani, har ya zama shi ke jin kunya.

Kada ku ɗauka komai a nan daɗi ne. Kayan suna da tsada, kuma sau da yawa kuɗin aikowa yakan kusa kai kuɗin abin da aka saya. Ba a tayi, ba a ragi, ba a gyara; abin da aka rubuta shi za ka biya ko shekara nawa ka yi kana ciniki a wurin. Mafi yawan masu ƙera waɗannan ƙananan kaya mutum ɗaya ne a garejinsa, kuma dattijo, idan ya kwanta ciwo sai kayan su ɓace daga kasuwa tsawon watanni, idan ya rasu wani lokaci su ɓace ke nan, domin babu yaron shago da ya tashi a hannunsa. Ko manyan ma ba su tsira ba: kantin Hattons mai sayar da ƙananan jiragen ƙasa, wanda aka kafa a Libaful a 1946 kuma ya yi suna a duk ƙasar, ya rufe a 2024. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin masu gyara. Da ƙarfen like dalmata ya daina zafi na zagaya unguwa ban samu wanda zai ko buɗe shi ba, kowa cewa yake in jefar in sayi sabo, alhali a gida duk mai gyaran rediyo na bakin titi zai tashe shi kafin in gama gaisawa da maƙwabcinsa. Ga sanyi da danshi da ke sa katako ya lanƙwashe, ga zafin bazara da ke sa ƙarfe ya miƙe, dole a bar 'yar kafa a kowane mahaɗi. Su kansu 'yan kulob ɗin, mutum zai ba ka aron kayan aikinsa masu tsada ba tare da ya yi jim ba, ya zauna da kai har dare yana koya maka, amma ba zai taɓa tambayarka yaya iyali ba. A irin waɗannan dararen nakan yi kewar hayaniyarmu ƙwarai.

Hannu kam muna da shi. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya ga yaran da ke haɗa motar kara da motar langa-langa, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juya taya, ba zane ba ma'auni. Abin da muke yi wa irin wannan yaro shi ne mu kore shi mu ce ya bar wasan banza. A nan na je gidan adana kayan tarihi na Pendon da ke wani ƙauye a yankin Okisfod, wanda wani baƙo ɗan Ostareliya mai suna Roye England ya kafa a 1954, bayan ya zo Ingila a 1925 ya ga tsofaffin gidajen karkara suna sauyawa a gaban idonsa. Shi da abokan aikinsa suka riƙa auna gidaje suna sake gina su ƙanana da kwali, har aka samu ƙauyuka da gonaki da layin dogo kamar yadda suke a shekarun 1930, kuma mutane suna biyan kuɗi su shiga su gani.

Daga can na dawo da niyyar cewa layina na kaina ba zai zama na Ingila ba. Ina son in gina wata ƙaramar tasha irin ta tsakanin Zariya da Kano, da taragan gyaɗa da rumfar kwano. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 ne da inci 6, milimita 1067, kuma a girman da nake aiki da shi yana komawa milimita 14 daidai. Ban samu wannan a kanti ba, don haka koyon ginin layi da hannu ya zame mini dole. Ƙarfen namu mai faffaɗan gindi ne, ba irin mai zama a cikin mariƙi ba, saboda haka zan like shi da dalma a kan 'yan sanduna masu fuskar jan ƙarfe. Idan Allah ya ba ni iko zan ƙara ɗan reshen siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos domin ɗaukar kuza, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957. Shi kuma milimita 10 zai zama.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi jabun kaya ciwo. Ɗan kulob ɗinmu da ke son gina wata tashar ƙauye da aka rushe tun kafin a haife shi yana iya samun taswirarta, da hotunanta, da jadawalin jiragen da suka bi ta, a littattafai da ɗakunan ajiyar takardu, ga kuma babban gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Yok da ake shiga kyauta. Kawunan jirgi masu aiki da gawayi da aka sa wa sunayen kogunanmu, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta ƙera wa Najeriya a 1948, ya fi mini sauƙi in samu bayaninsu a nan fiye da a ƙasar da suka yi wa aiki. A Ebute Metta ta Legas wasu masu kishi sun gyara wani tsohon gida da ake kira gidan Jaekel sun mayar da shi ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa, Allah ya saka musu. Mu a Arewa, da layin ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, muna wuce tsofaffin tashoshi kwanonsu yana yayewa, muna ganin 'yan gwangwan suna zagaya taragan da suka yi tsatsa, hankalinmu duk ya koma kan sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

Saboda haka ina da roƙo gare ku. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin reluwe, ya duba akwatunan gida ko akwai tsohon hoto, ko tikiti, ko littafin aiki, ya ɗauka da waya ya turo mini, ya kuma zauna da tsohon ya ji daga bakinsa tun yana raye. Wanda kuma yake kusa da wata ƙaramar tasha a tsohon layin, ya nemi izinin ma'aikatan wurin, ya auna mini tsawon ginin da faɗinsa da tsayin dandamalin da fasinja ke tsayawa, da tazarar da ke tsakanin sandunan da ƙarfen dogo yake kwance a kansu. A yi awon da tef, a rubuta lambar yadda ta fito, domin da ita zan yanka kayan.