Madubin hangen nesa: 8x42 ko 10x42?

Ana yawan tambaya wanne ya fi nuna abu tangaran tsakanin madubin hangen nesa 8x42 da 10x42. Lambar farko (8 ko 10) tana nuna sau nawa madubin ke kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce. Faɗin gilashinsu ɗaya ne, milimita 42. Mai kusantowa sau 10 ya fi fito da zanen gashin fiffiken tsuntsu, sai dai ƙaramar rawar hannu kan sa hoton karkarwa, kuma filin da yake nunawa ya fi ƙunci. Mai sau 8 ya fi haske da almuru, domin faɗin hasken da yake kaiwa ido milimita 5.25 ne, na ɗayan kuwa 4.2. A ganina, ingancin gilashi ya fi waɗannan lambobi muhimmanci. Mai bin tsuntsaye cikin kurmi, 8x42 ya dace da shi. Mai hangen fili daga nesa, in yana da abin ɗora madubin don kada ya yi rawa, ya ɗauki 10x42.