Citicoline da muka yi wa Baba wata uku, ga abin da na gani

Wata biyar kenan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafa suka ƙi motsi, magana ma ta karkace. Cikin magungunan da likita ya rubuta har da citicoline, da farko allura, daga baya muka koma na sha, kuma gaskiya shi ne ya fi cin kuɗi a takardar, duk zuwa kyamis sai na ji a jikina.

Ni mutum ne mai tambaya, shi ya sa na zauna na bincika me yake yi. Ashe ƙwayoyin jijiya ba sa rayuwa haka kawai, akwai sinadaran da jiki ke ba su kamar saƙon "ku ci gaba da rayuwa", irin NGF, wato sinadarin da ke raya jijiya, wanda masaniyar kimiyya Rita Levi-Montalcini ta gano har aka ba ta kyautar Nobel a 1986 tare da Stanley Cohen. Matsalar ita ce shi NGF furotin ne babba, in ka haɗiye ciki zai narkar da shi, in ka yi allura kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba zai bar shi ya wuce ba. Shi ya sa masana suka koma neman ƙananan magunguna da za su riƙe ƙwayar jijiya ta wata hanya. Shi citicoline jiki ne ke farfasa shi ya samu kolin da sitidin, da su ake gyara bangon ƙwayar, wai don ƙwayoyin da ke gefen wurin da jini ya yanke a ƙwaƙwalwa, waɗanda suka galabaita amma ba su mutu ba tukuna, su samu su tsira.

A takarda abin ya burge ni wallahi. Amma akwai babban gwaji mai suna ICTUS da aka buga a mujallar Lancet a 2012, mutum 2,298 a Sifen da Fotugal da Jamus, rabi aka ba su maganin na sati shida rabi kuma na bogi, kuma ba a ga wani bambanci a warkewarsu ba. Wannan ya sanyaya min jiki sosai, don na riga na sa rai.

Baba dai Alhamdulillah yanzu yana riƙe cokali da kansa, yana takawa zuwa masallacin ƙofar gida da sanda. Maganin bai yi masa wata illa ba, ko ciwon ciki bai yi ba. Amma in na ce citicoline ne ya tashe shi na yi ƙarya, domin a lokaci ɗaya ake kai shi gashi sau uku a sati, ƙanwata tana motsa masa yatsu safe da yamma, maganin hawan jini kuma ko rana ɗaya bai tsallake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wata baiwar Allah da na haɗu da ita a layin kyamis, ta ajiye maganin hawan jinin mijinta don kuɗin ya isa sayen citicoline. Don Allah kar a yi haka, a koma wa likita a faɗa masa ƙarfin aljihu ya zaɓi wanda ya fi zama dole. Ni tauraro uku na ba shi cikin biyar, kuma da wata na uku ya cika likita da kansa ya ce mu tsayar.