Hular Bama da na taya kwana uku har mai ita ya sallama

Bari in fara da abin yabo, kada a ce na zo ɓata wa bawan Allah kasuwa. Hular ta yi kyau, wallahi ta yi. Ranar da na karɓo ta a tasha ban iya haƙurin isa gida ba, tun a cikin adaidaita na yage ledar. Mai adaidaitan ma sai da ya leƙo ta madubi ya ce, "Alhaji, wannan ai ta manya ce." Ruwan toka ce da ratsin ruwan goro, ɗinki a cushe, ko ka ɗaga ta a rana ba ka hango ƙyallen da ke ƙasa. Aikin hannu ne na gaske, ba irin na injin nan da ake cusa wa mutane da sunan Bama ba. An ce arha ba ta ado, ni kuwa a ranar gani nake na ƙaryata masu maganar.

Wurin wani matashi a Maiduguri na saya, cikin masu saka huluna a WhatsApp ɗin nan. Ba zan faɗi sunansa ba. Don ɗaurin auren ƙanena nake son ta. Ya ce dubu 45, na taya 22, ya ce albarka. Kwana uku muna ja. Har ƙarya na shirga masa, na ce na ga irinta sak a Kasuwar Kurmi a 25, alhali ko ƙofar kasuwar ban taka ba a watan. Daga ƙarshe ya sallama a dubu 28 har da kuɗin mota. Na shiga ofis ina bugun ƙirji, ina ba mutane labarin yadda ake ciniki.

Ƙorafina a lokacin ƙanana ne. Ya ce Talata za ta iso, sai Litinin ta sama ta zo, kuma duk kiran da na yi sai ya ce direba ne. Na ce masa lamba 22 da rabi, wadda ta zo ta ɗan matse ni a goshi. Wannan matsewar ce ta sa na kai ta wurin mai wankin hula na unguwarmu don ya ɗora ta a kan gungume ta ɗan saki, kuma a can ne duk murnar ta zube.

Dattijo ne Babarbare, mutumin Bama. Ya baro garin a watan Satumbar 2014 lokacin da Boko Haram suka kama shi, ya ɗan zauna a Maiduguri, daga baya ya gangaro Kano. Na yi shekaru ina kai masa wanki, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da na miƙa masa, ko kallon wajen bai yi ba, juya ta ya yi ciki ya koma waje, ya matso da ita kusa da ido yana bin ta da babban yatsa. Can ya ce, "Ɗana, hannu biyu ne suka yi wannan." Ya nuna mini. Daga gindi zuwa tsakiya zaren a jere yake kamar da ma'auni, ba ka ganin inda aka ƙulla. Daga nan zuwa sama kuwa ƙullin ya yi kauri, layin yana ɗan karkacewa yana dawowa. Ya ce ko dai yarinya ce ta karɓi uwarta, ko kuma uwar ce da kanta ta ƙarasa da dare a hasken tocila, ido ya gaji. Akwai wani ɗan ɗigo mai duhu a jikin ƙyallen, ya kankare shi da farce bai fita ba. Ya ce allura ce ta soki mai ita.

Ya tambaye ni nawa na saya, na faɗa masa ina murmushi, ina jiran ya ce na iya ciniki. Shiru ya yi. Sannan ya ce, "To, Allah Ya sa ta samu na garin tuwo."

Ban tambaye shi ba ya shiga lissafa mini da yatsu. Akwai kuɗin ƙyalle. Akwai zare, wanda tun da darajar naira ta faɗi a 2023 bai daina hawa ba. Akwai mai zane da ke fitar da fasalin kafin a sa allura. Akwai dillalin da ke bi gida-gida yana raba aiki yana karɓowa. Akwai wanki da sitaci, akwai mota, akwai ribar wanda ya sayar mini. Ya ce duk waɗannan ba wanda za ka rage wa sisi ya yarda, mai zare zai ce ka je gaba, direba zai ce ka sauke kayanka. Mutum ɗaya ce a layin ba ta da bakin cewa a'a, kuma ita ce ta fi kowa daɗewa da hular a hannu, don irin wannan ba ta kasa wata guda. "Kura da shan bugu," in ji shi, "gardi da karɓar kuɗi."

Ya ce da can a Bama sana'a ce ta mutunci. Da aka watse aka cika sansanonin gudun hijira irin su Bakassi da Dalori, sai kowa ya kama allura, maza da mata da yara, don ita ce sana'ar da ba ta neman gona ko shago, a zaune a bakin tanti ma ana yi. Hannu ya yi yawa, lada ya faɗi. Idan ke kin ce kuɗin ya yi kaɗan, maƙwabciyarki za ta karɓa. Daga 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri, ga kuma ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024 da ta shanye ɗan abin da mutane suka tara. Wanda ke neman na yau ba ya tsayawa ja-in-ja a kan lada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma'aikaci ne. A watan Yunin 2024 da ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, ina cikin masu zafin baki a majalisa. Da aka tsayar da dubu 70 ma cewa na yi ko buhun shinkafa ba zai saya ba, zalunci ne. Hadisin nan na a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, ni ne mai jawo shi idan albashi ya yi jinkiri. Ga shi wata ta yi wata guda a duƙe, na kwashe kwana uku ina zaftare abin da za a ba ta, har da ƙarya.

Da na koma gida na kira mai hular a fusace, ni a dole zan yi masa wa'azi. Na ce nawa ka biya wadda ta ɗinka? Ya ce shi bai san ta ba, a hannun dillali yake sara. Na ce ai wannan cin gumin mutane ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, kai ka ce in sauko daga 45 zuwa 28. Daga ina kake so in cire? Gobe in na koma wurin dillali zan ce masa kasuwa ta faɗi, shi ma ya san wadda zai je ya faɗa wa." Na rasa ta cewa. Na ce to in na ƙara dubu 10 yanzu, za ta kai hannunta? Ya yi 'yar dariya ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai san ƙofar gidanta ba.

Amma fa shi ma ban wanke shi ba. Da na biya 45 ɗin cif ba tare da tayi ba, kuna ganin zai kira dillali ya ce a ƙara wa mai ɗinki? Aljihunsa zai zuba, ya ce Allah Ya kawo kasuwa. Kuma har yanzu ina jin haushin kwana shidan da ya yi yana ja mini rai da maganar direba, da lambar da ya aiko ba daidai ba bai ko ba da haƙuri ba. Ga zaren ruwan goron ya fara zuba tun a gumin farko, ya ɓata mini gefen da ke taɓa goshi. Hular dubu 45, in ji shi.

Na ba uwargida labarin ina tsammanin za ta taya ni jimami. Ta saurara har na gama, ta ce, "Yarinyar da ke yi mana wanke-wanke fa, nawa kake aika wa uwarta a wata?" Na ce wannan wata magana ce daban, na tashi na tafi masallaci.

Ranar ɗaurin aure na sa ta, ba zan ɓoye ba, kuma ta ɗauki ido. Mutum uku suka nemi lambar mai ita, na ba su, na ce don Allah kada su matsa masa da tayi kamar yadda na yi. Ranar Litinin ɗaya daga cikinsu ya same ni a ofis yana washe baki, ya nuna mini hoton tasa a waya. Ya ce a 25 ya samu, ashe ni ma cutata yaron ya yi.