Shingen Amya Don Korar Giwaye: Yana Aiki, Amma Da Sharaɗi

A Kenya aka fara wannan dabara, kuma manoman da ke maƙwabtaka da dajin Yankari za su iya cin moriyarta. Ana rataye amya tsakanin dirkoki biyu, a haɗa amyoyin da waya har su kewaye gona. Gonar eka ɗaya na cin amya 12 da na bogi 12, wato masu kama da amya don ruɗin giwa. Giwa na taɓa wayar, amya ta girgiza, ƙudan zuma su yi mata caa a ido da hanci. Ga zumar sayarwa kuma.

Matsalar tana rani. Ba fure, ba ruwa, sai ƙudan su ƙaura, giwa kuwa ba ta cika tsoron shingen ba idan babu kowa cikin amyoyinsa. A yi wa kowace amya jinka, a ajiye ruwa kusa. Gara ma na cinye dirkokin, sai an riƙa dubawa.