Gargaɗi ga kafintoci: inji ɗaya ake nunawa a Legas, wani daban ake lodawa

'Yan'uwana kafintoci da masu shagon yanka allon MDF (allon garin katako da aka matse), na Na'ibawa, na Panteka, na Kugbo da ko'ina, ku karanta wannan kafin ku tura wa wani dillalin inji ko sisi. Naira miliyan 9 da dubu 800 aka karɓa a hannuna a kan injin yanka allo mai tebur mai zamewa, wai SCM SI 400 Nova ɗan Italiya, na hannu, ƙirar 2014. Abin da ke tsaye a shagona yanzu injin China ne tsoho da aka shafe da sabon fenti, aka ɗaura masa farantin suna na ƙarya. Miliyan 9 da dubu 800. Ban haɗa da dubu 420 na mota daga Legas zuwa Kano ba, ban haɗa da kuɗin masu saukewa ba.

Kuma kada wani ya shigo yana cewa an saya ne ido rufe. Ba a hoto na sayi injin nan ba. Da ƙafata na je ɗakin ajiyar dillalin a Legas, tare da mai gyaran injina, kuma injin da muka duba na gaske ne. Ina nan a kan wannan magana har gobe. Mun tura teburin mai tsawon milimita 3200 daga wannan ƙarshe zuwa wancan da yatsa biyu, ya tafi sumul, babu tsalle, babu ƙara. Mun fito da shi har ƙurewa muka girgiza shi gefe da gefe, bai motsa ba. Mun cire faifan zarto, muka ɗora agogon awo a kan sandar da ke juya shi, sanda ce mai kaurin milimita 30, allurar da ƙyar ta motsa. Mun kunna shi, muka yanka allo mai leda fuska biyu, na milimita 18, ƙaramin zarton gaba ya share hanya, babban ya biyo, baki ya fito tas sama da ƙasa, ba tsaga ko ɗaya. Me kuma ake dubawa a inji da ba mu duba ba? Duk wanda ya san aikin nan da ya tsaya a wurin, da ya biya.

Ga inda aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Bayan alat ya shiga wayarsa, ya dafa kafaɗata ya ce, “Alhaji, ka bar mana sauran. Sai an kwance teburin an ɗaure shi daban, in ba haka ba hanya za ta lanƙwasa shi. Ka je ka huta, gobe da asuba yana kan mota.” Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Dole ne a kwance tebur mai zamewa kafin doguwar tafiya. Alminiyam ne, in ya sha ramukan hanyar Lokoja yana ɗaure a jikin inji, ba zai ƙara yanka layi miƙaƙƙe ba. Maganar wanda ya san inji ya yi mini, shi ya sa ta shiga. “Alhaji, ka bar mana sauran.” Har yanzu ina jin muryarsa. Har ruwan sanyi ya sa aka kawo mana. Ya rako mu bakin ƙofa yana cewa Allah ya sa albarka a sana'a.

Tun kafin wannan ma, wajen mako biyu baya, ko fiye, ya turo mini bidiyon farantin sunan, lambar injin ta fito sarai. Ita ce lambar da na gani a Legas, ita ce kuma a jikin wanda ya iso Kano. Lamba ɗaya, inji biyu. Farantin da ta iso siririya ce, an buga rubutunta da fenti, lambar ba a dake take cikin ƙarfe ba, kuma rifit ɗinta sabbi ne fil suna walƙiya a jikin injin da aka ce ya shekara goma yana aiki. Da muka cire ta, a ƙarƙashi akwai ramuka huɗu na wata tsohuwar faranti da ba su dace da nata ba. Hotunan duka suna nan, zan saka su, har da rasit da alat da hirar WhatsApp tun daga sallamar farko.

Kayan sun iso da dare a naɗe cikin baƙar leda da katako. Direba ba ruwansa, abin da aka ɗora masa ya kawo. Sai da aka haɗa teburin aka ja wuta sannan mai gyarana ya yi shiru, ya durƙusa, ya buɗe murfin ƙasa da tocila. Motar lantarkin da ke ciki, wadda ke juya zarton, an rubuta mata Y112M-2. Wannan lambar ƙirar China ce, ƙarfinta kilowat 4, tana jan amfiya 8 da ɗan kai. Ni kuwa kilowat 5.5 na biya, wadda ke jan wajen amfiya 11. An rubuta mata volt 380, alhali injin Turai na 2014 volt 400 ake rubuta masa. A cikin akwatin wuta, bayan wayoyin, akwai ragowar takardar da mai fentin bai kai hannunsa gare ta ba, ana karanta MJ6132. Ga wanda bai sani ba, haka masana'antun China ke yi wa injinan katako lamba: MJ na zarto ne, MB na goge katako, MX na fitar da ado a baki, 32 ɗin ƙarshe kuma tsawon teburin ne, milimita 3200. Da mai naɗin kwayil ya kankare bakin wayar cikin motar lantarkin da wuƙa, sai fari ya fito a ƙarƙashin ja. Alminiyam ce, ba jan ƙarfe ba. Irin wannan ta fi saurin ɗaukar zafi, wurin haɗinta yana saki, kuma a zafin Kano na watan Afrilu, ana yanka allo tun safe, ba za ta yi nisa ba.

Na kira shi. Wai wutarmu ce ba ta da kyau. Mun auna layi ukun wutar da mita, ko wane biyu suna ba da kusan 400. Wai masu haɗawa ne suka ɓata saitin. To wa ya canja motar lantarki a hanya, aljanu? Daga nan ya ce zai turo injiniyansa. A'a, kafin nan ma sai da ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, in ƙara dubu 600 a sauya mini. In ƙara! A kan miliyan 9 da dubu 800! Yanzu layin ba ya shiga, shafinsa na Facebook kuma yana nan yana tallar injin nan dai da na duba, da farantinsa, da lambarsa. Kenan inji ɗaya ne na gaske yake ajiye da shi don nunawa, duk wanda ya biya sai a loda masa na bogi. Ban yarda ni kaɗai aka yi wa ba.

Ku ji abin da injin yake yi, don ku gane cewa ba maganar fenti ko suna nake yi ba. Mun yi masa gwajin yanka biyar. Ana ɗaukar allo mai kusan mita ɗaya ko ta ina, a yanka gefe ɗaya, a juya wannan sabon bakin ya jingina da makarin da ke tare allo a kan tebur, a sake yanka, haka har sau huɗu, a karo na biyar a fitar da siririn yanki kamar santimita ɗaya, a auna kaurin kansa da na ƙarshensa. Bambancin da aka samu in an raba shi huɗu, shi ne karkatar injin. Na gaske a Legas bambancin bai kai rabin milimita ba. Wannan ya ba mu fiye da milimita 3. Makari ana saita shi, wannan ba matsala ba ce. Muka saita, muka sake, ya ba da wani abu daban. Muka sake, wani daban. Teburin ne ke rawa a kan hanyarsa, domin ƙarfen da ƙwallayen ke bi ya ci, ya yi kwari a tsakiya inda aka fi aiki. Wannan ba ya saituwa, sai dai a canja teburin gaba ɗaya, kuma teburin shi ne rabin darajar injin. Ƙofar kabad da aka yanka a kansa ba ta zama daidai da 'yar'uwarta, bakin allo yana tsagewa saboda ƙaramin zarton ba ya tsayawa a layin babban, borisan sandar kuma suna kuka tun ana kunnawa. Ina da aikin kicin na mutane a ƙasa, na karɓi kuɗinsu. Da wane ido zan kalle su?

Kamfanin SCM ba ruwansa a cikin wannan. Suna Rimini suna ƙera injin katako tun 1952, sunansu aka sata. Haka ake iya sace sunan Altendorf na Jamus, waɗanda suka ƙirƙiro zarto mai tebur mai zamewa tun farkon ƙarnin da ya wuce, ko Felder na Ostiriya, ko Robland na Beljiyam. Kuma ba zagin injin China nake yi ba. Akwai masu sayar da nasu da sunansu, irin su Nanxing, ana aiki da su a manyan masana'antu. Da an ce mini ga MJ6132, ga kuɗinsa, da na duba shi a matsayinsa, na taya shi a matsayinsa, ko in bari. Tsohon Wadkin na Ingila mai gangar jikin ƙarfen zubi ma, wanda ya girme ni, in sandarsa miƙe take, boris kawai za ka canja masa, lamba 6205 ko 6206 ko makamancinsu da ake samu a kasuwa, ya ci gaba da ciyar da gida. Abin da aka yi mini shi ne an sayar mini da gajiyayyen injin da ko rabin kuɗin bai kai ba a farashin na Italiya. Miliyan 9 da dubu 800, kuɗin da wani ɓangarensa bashi ne.

Maganar tana hannun hukuma, shi ya sa aka ce kada in faɗi sunansa da lambar asusunsa tukuna. Da zarar an ba ni dama zan saka komai, har bidiyon da yake rantsuwa a ciki. Duk wanda aka nuna wa SCM a wani ɗakin ajiya a Legas aka loda masa wani abu daban, ya yi mini magana, a haɗa ƙorafin wuri ɗaya.

Kada ku biya cikon kuɗi sai inji yana kan mota a gabanku. A kwance tebur kuna tsaye. Ku daka wata alama taku da kurfi a gangar jiki, da ƙasan tebur, da jikin motar lantarki, ku ɗauki hotonta. Ku buɗe murfin ƙasa ku karanta farantin motar lantarkin, ba na waje kaɗai ba. Ku tura wa kamfanin da ya ƙera shi lambar injin kafin alat. In ya ce ku je ku huta, ku zauna a wurin ko za a kwana.